Ta Bayan Darduma

Tun birnin Paris bai gama murza ido ba
nake shiga ƙofar masaƙar Gobelins,
sanyi yana cizon yatsuna ta cikin safa.
Ƙarƙashin titin nan akwai kogin da aka binne da ransa,
Bièvre sunansa.
Marina ne suka fara zama a bakinsa,
ja ya bi ruwa, shuɗi ya bi ruwa,
har birni ya toshe hanci ya rufe shi da dutse.
In ɗaki ya yi tsit, sai in ji kamar yana tari.

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran abin da ban saƙa ba.

Tsoho Anselme, wanda ya koya mini riƙon allura,
ya ce, "Yarinya, gidan nan da lissafi ya fara.
Sarki yana da fada goma, mazaunai ɗaya,
sai aka naɗa mai ƙirga masa kujeru."
Ya buɗe mini kundin, tawada ta koma ruwan ƙasa:
gado ɗaya mai koren labule,
kujera shida, ɗaya gurguwa.
Ko gurguwar ba a bari ta ɓace ba.

Sai ranar da talakawa suka ce tura ta kai bango.
Aka kaɗa ƙararrawar gwanjo a fada,
tebura suka hau amalanke, wasu har suka haye teku.
Baitulmali ya bushe ƙayau,
aka kwaso dardumai masu zaren zinariya
aka cinna musu wuta
don a tsince ƙarfen daga toka.
Anselme ba ya faɗin wannan sai ya cire tabarau,
ya daɗe yana goge shi da gefen riga.

Kifa kujera in kana son tarihi.
A cikinta za ka ga hatimi bisa hatimi:
ga kambin sarauta an kankare rabinsa,
ga gaggafa, ga haruffan jamhuriya,
ga lambar da wani akawu ya rubuta a gaggauce
daren da ake loda kaya don gudun yaƙi.
Kowa ya zo ya ce tasa ce.
Ita kuwa katako ce, ba ta musu.

Yanzu minista kan aiko takarda yana son tebur.
Mu goge, mu naɗe, mu sa hannu.
Bayan shekara biyu tebur ya dawo shi kaɗai,
da zoben kofin gahawa a goshinsa.

A gabana yau akwai barewa a daji,
asu ya cinye mata ido ɗaya da rabin kunne.
Ulu kala goma sha tara na jera a kan cinya,
duk ruwan ƙasa, babu biyu da suka yi daidai.
Ta baya nake aiki, wurin ƙulli da jelar zare,
inda babu baƙon da ke kallo.
Wata huɗu a kan ido ɗaya.
In na gama da kyau, ba wanda zai san na zo.

Clothilde, sabuwar yarinyar da aka ba ni,
ta tambaye ni, "To, ina muke sa sunanmu?"
Na ja hannunta zuwa kusurwar ƙasa,
na ɗora yatsanta a kan wani ƙulli da ya karkata hagu.
Bahago ne, na ce, shekara ɗari uku da suka wuce.
Kuma ga silin gashinsa, ja,
ya shige cikin saƙar bai sani ba.

Ta yi shiru.
Sannan ta zare tsinken gashinta, ta sake ɗaure kai da kyau,
ta ce in miƙo mata zare na bakwai.
Na takwas ne ya dace.
Na miƙa mata na bakwai, ta gani da idonta.