Ƙugiyar da ta Ɓace

A Taminus, gefen ƙonanniyar kasuwa,
inda Malam Jatau ke shimfiɗa leda
ya danne littattafai da duwatsu saboda iska,
nan na tsuguna.
Hadari na haɗowa ta dutsen Shere,
sanyi ya riƙe mini yatsu.

Ƙarƙashin wani tsohon littafin lissafi na gan shi:
Tabkin Kuza.
Bango kore, ya koɗe kamar ganyen kabejin jiya,
ƙarfen ɗinki ya yi tsatsa, ya bar ja a tsakiya.

Ban ce uffan ba. Mai saye ba ya nuna haƙori.
Na juya bayansa: sule uku da sisi,
ba a haifi naira ba tukuna.
Bugu na biyu shuɗi ne, kowa ya sani,
na uku da hoton akori-kura a gaba,
amma bango riga ce, ana iya aro.
Na shinshina: kafur, akwatin ƙarfe, damina hamsin.
Hanci ma ba ya rantsuwa.

Shaida ɗaya ce tak,
shafi na arba'in da uku, layi na tara.
Marubuci ya rubuta: ƙarya ta kwana gidan alƙali.
Inji ya buga: karya ta kwana gidan alƙali.
Ƙugiya guda ta faɗi daga kan harafi,
zance ya tsiro wutsiya, ya kama haushi.

Na san hannun da ya yar da ita.
Inuwa mai jera haruffa, a maɗaba'ar Gangare,
yana tsintar dalma ɗaya-ɗaya, yana karatu a baibai,
farcensa baƙi har ranar da aka yi masa wanka.
A daren nan yaro ya leƙo ta taga:
ka zo, an ce naƙuda ce.
Hannu ya miƙa, ya shiga gurbin maƙwabci.
Ya ɗaure shafin, ya kashe fitila, ya ruga.
Da asuba na iso duniya.

Ɗari biyar aka buga kafin a farga.
Garin ya yi dariya, alƙali bai yi ba.
Aka janye abin da ya janyu,
masu ƙosai suka naɗe sauran.
Aka yanke wa Inuwa albashin mako uku,
ragon sunana bashi ne.
Har ya rasu, in ya duba takardata ta makaranta,
ba ya neman maki. Ƙugiyoyi yake ƙirgawa.

Yau ga masu kuɗin Abuja
suna aiko yara da hoto a waya:
a nemo mana mai karyar nan, ko nawa ne.
Kunyar ubana ta zama hatimi.

Na lashi yatsa. Arba'in. Arba'in da ɗaya.
Wani ya taɓa zubar da shayi a nan.
Arba'in da uku.
Ga ta, kwance a ƙofar alƙali,
ba wanda ya kore ta.

Malam Jatau ya ce, kawo ɗari bakwai, ruwa zai sauko.
Na ce, Malam, zauna tukuna,
ba ka san abin da dutsenka ya danne ba.
Ɗigon farko ya faɗi a kan leda.
Muka kama bakinta, shi can, ni nan,
littafin na cikin rigata, daidai ƙirji.