Kamu Biyu

Da igiya aka jawo ta garejina
bayan Ƙofar Ƙaura, ran wata Talata,
bas mai kujera talatin, ba gilashin baya,
kaza ta yi ƙwai a mazaunin direba.
Rabe na biye da ita a ƙasa
kamar mai rakiyar gawa, sai dai yana murmushi.

Shekara ashirin da shida yana tuƙa ta,
bai taɓa kwana inda ransa ya so ba.
Ya ce, Mannir, cire kujerun nan duka.
Na gaji da kai mutane gidajensu,
yanzu gidan nake so in ɗauka.

Na cire. A ƙarƙashinsu na tsinci
kwabban da aka daina karɓa,
ɗan kunne guda, ƙwallon goruba,
da katin asibiti na wani da ban sani ba.
Na shimfiɗa katako, na ɗora sola a rufi,
tankin ruwa, gado, risho,
ƙusa ta rataye buta.

Sai Saude ta zo duba aiki.
Ta zaro darduma daga jaka ta shimfiɗa,
gefe ya naɗe a jikin gado.
Ta ce, in alƙibla ta faɗo ta nan,
a kan risho zan ɗora goshina?
Ta naɗe abarta ta tafi.

Daren nan Rabe ya dawo riƙe da waya,
ya nuna min motocin wasu ƙasashe
waɗanda in sun tsaya, haƙarƙari ke buɗewa,
ɗaki ya turo kai waje kamar aljihun tebur.
Na ce, Alhaji, bangon da aka yanka
ba ya manta wuƙa.
Ruwa zai sami hanya, nauyi zai sha mai,
kuɗin zai cinye bijimi biyu,
duk don kamu biyu na fili?
Ya ce, kai da ka tashi a tsakar gida
ina ka san kamu biyu?

Sati bakwai ina yanka ina walda.
Layin ƙarfe daga tsohuwar ƙofar shago,
boris na injin niƙa, roba daga tayar tirela,
da hannun murɗawa, don ban yarda da batir ba.
Ran gwaji yaran gareji suka ajiye aiki.
Na murɗa. Ya yi ƙara. Ya yi shiru.
Ya fito.
Tsohon nan mai sayar da rake
ya ja baya, ya ce, ikon Allah, mota ta haihu.

Sun tafi farkon damina.
Kwana tara, sai ga kira daga wajen Daura:
ɗakin ya fita, ya ƙi komawa.
Na ɗauki sifana da giris na hau mota,
ina ta tsara haƙurin da zan bayar.

Na same su gindin tsamiya, bakin wata gona.
Yana yoyo, yadda na faɗa,
kwano a kusurwa, ɗis, ɗis.
Saude na zaune cikin kamu biyun nan,
darduma a shimfiɗe sarai,
taga a gabanta,
gero na tasowa har inda ido ya gaji.

Na durƙusa in duba layin.
Sai ga dutse, ɗan daidai wurin,
hannu ne ya cusa shi, ba hanya ta jefo shi ba.
Na ɗaga kai.
Ta dube ni, ta ci gaba da jan carbi.

Rabe ya ce, yaya, babbar matsala ce?
Na goge hannu da tsumma, na daɗe ina gogewa.
Na ce, sai an aiko da kaya daga Kano, Alhaji.
Zai ɗauki kamar sati guda.