Teku a Garin Malam

A garin da ake sayen ruwa da bido,
ni na sayi ruwa na zuba masa gishiri.
Falmata ta leƙo ta kan katanga ta ce,
"Harisu, ko miyar makoki ba ta cin gishiri haka."
Na ce ba miya ba ce, teku ce.
Ta ce Allah Ya sawwaƙe.

Teku ce mai kamu uku,
a shagona, gefen firijin da na kasa gyarawa tun bara.
Kiyari direba ya kawo mini su daga Kwatano,
cikin leda, cikin kula, ƙarƙashin kujerarsa,
kwana uku yana tuƙi yana tsoron rami.
Su bakwai ne, kowane bai wuce ɗan yatsa ba,
ido ya fi ƙarfin fuska,
jiki kamar an zizara masa tawada.

Ba sa tsere irin na tarwaɗar tabki.
Tsayawa suke wuri ɗaya, fuska ɗaya,
kamar masu jiran mota a tasha
waɗanda suka san za ta zo.
Ƙarƙashinsu murjani, mai rai,
ba na wuya ba,
yana buɗe hannu idan na kunna fitila.

Kafin su, na gwada da kantun Bilma.
Kantu na raƙumi ne. Na koya da gawa biyu.
Yanzu gishirina daga nesa yake zuwa,
kuɗinsa ya fi na shinkafar gidana,
kuma ban gaya wa Barira ba.

In kuran ya ɗauke a tsakiyar bazara,
duwatsun Birni suna huci har bayan isha,
sai in cire batirin babur in ba su iska,
in sa ƙanƙara a leda ta yi yawo a kansu.
Ni in kwana cikin gumi.

Ran nan ɗaya ya ƙi abinci.
Haɓa ta kumbura, baki a rufe,
ya koma bayan dutse shi kaɗai.
Na ce shi ke nan, ta shida ta rage.
Da dare na haska shi da tocila,
ya ɗan motsa leɓe,
sai ga idanu a cikin bakinsa,
ƙanana, birjik, suna kallona.

Namiji ne. Ƙwai ya ɗauka.
In ya ci, ya haɗiye su.

Na zauna a kan bido.
Na tuna Nomau, babana,
shekarar da gero ya ƙi,
yadda yake tura mana akushi da bayan hannu,
ya ce ya ci a waje.
Wane waje?
Mun girma muna cewa mutum ne marar magana.

Kwana ashirin da uku na ƙirga da alli a jikin firijin.
Da asuba ya buɗe baki.
Sha ɗaya na gani, wataƙila sha biyu,
kowane kamar ƙwayar gero mai wutsiya,
sun shige tsakanin ƙayoyin da na yi musu da tsinken roba.

Na barbaɗa abinci.
Ya daɗe yana kallonsa
kamar wanda ya manta yadda ake yi.

Falmata ta aiko jikanta da hantsi,
wai a ba ta aron guduma.
Yaron bai tambayi guduma ba.
Ya manna hanci a gilashi,
har azahar yana nan.