Daren Rufe Tsibiri

Wasiƙar ta iso ran Talata, ana ruwa,
ina kan benci a shagon Efren, nan Mandaue,
ina cin shinkafa da busasshen kifi.
Shafi biyu, sa hannun lauyoyi uku.
Sun ba ni kwana goma in nutsar da tsibirin.

Kuregen nasu ne, ban musa ba.
Su suka lanƙwasa masa jela,
suka rataya masa fitila a wuya,
suka sayar mana da shi muna yara,
ni da Teofilo, na'ura ɗaya, hannu huɗu,
shi ke tsalle, ni ke gudu.
Sai suka kulle shi a ɗakin ajiya,
shekara goma sha bakwai, ko leƙe babu.

Ni na buɗe masa taga.
In na taso daga aikin amsa waya da asuba,
kunne cike da faɗan mutanen da ban taɓa gani ba,
sai in zauna in gina masa gada,
in dasa masa kwakwa a bakin gaɓa,
in koya masa iyo, abin da masu shi suka manta.
Shekara shida. Ko peso ɗaya ban karɓa ba.
Kuɗin wuta ma Luzviminda ke cikawa, tana tsaki.

Mutum dubu huɗu ke kwana a tsibirin.
Akwai ma'aikaciyar jinya da ke shigowa daga Doha
don kawai ta tsaya ƙarƙashin kwakwa ta ji iskar gida.
Akwai tsohon da bai taɓa cin wasa ko sau ɗaya ba,
gaisawa yake zuwa yi.
Ihun da kuregen ke yi in ya faɗa ruwa
muryar Teofilo ce, na ɗauka a waya
wata biyu kafin teku ta hana mu shi.
Ita ma tasu ce?
Na duba shafi na biyu, ba su ce komai ba.

To, bari in faɗi wadda ke maƙale mini a wuya.
Bara wani yaro a Davao ya kwashe gadojina,
ya sauya musu launi, ya liƙa musu farashi.
Kwana uku abinci bai shiga ba.
Na rubuta masa: cire, guminmu ne, wa ya ba ka?
Da na sake karanta wasiƙar lauyoyin
sai na ga kalmomina ne sak,
an dai wanke su, an goge, an sa musu taye.

Efren ya ce zanen aro ba ya rufe katara.
Na ce na sani,
amma shekara shida ni ke ɗinke shi.
Ya ce ɗinki ba saye ba ne,
ya ƙara mini shinkafa.

Daren ƙarshe kowa ya zo.
Suka jeru a gaɓa, kurege dubu huɗu,
kowa ya kunna fitilarsa, ba mai motsi.
Wani ya faɗa ruwa da gangan, wani ya bi shi,
ɗakin ya cika da ihun ƙanena.
Sha biyu daidai na danna.
Fankar na'urar ta yi ajiyar zuciya, ta tsaya.
Ashe rufinmu yana ɗiga ta kusurwa, ban taɓa ji ba.

Da safe na ɗauki fensir da bayan takardar kuɗin wuta.
Luzviminda ta leƙo ta kafaɗata, ta ce mene ne wannan?
Na ce kaguwa.
Ta ce ta fi kama da tsohon silifa.
Haka ne, ba ta da kyau, ƙafa ɗaya ta fi sauran,
ba ta da fitila, ba wanda ya santa.
Na ajiye mata muryar.