Gahawar Ƙarfe Biyu

Makulli a nan ba ƙarfe ba ne,
ɗan kati ne mai hotona,
hoton da aka ɗauka ina cikin magagin jirgi.
Sau uku na goga shi, ƙofa tana yi mini jan ido,
sai da wata dattijuwa mai bokiti da tsumma
ta kama hannuna ta juya katin.
Ƙofa ta yi tsaki, ta buɗe.

Joensuu.
Mako biyu ina tauna sunan garin
kafin direban bas ya daina ɗaga gira.

Na rusuna wa shugabar sashe, na ce Farfesa,
ta waiga bayanta tana neman wadda nake nufi.
"Tuulikki," in ji ta. Shi ke nan.
Sunan nan tsirara ya fi dutsen niƙa nauyi a harshena.
Ni da aka rena a kan ba a kama sunan babba,
wata guda na yi ina kiran ta da gyaran murya.

A aji, ɗalibai ashirin da uku.
Na yi bayanin yadda ƙasa ke riƙe ruwa,
na ce, akwai tambaya?
Har ƙugin fitilar silin na ji.
Na koma ofis ina bin takarduna layi-layi
ko na zagi wani ban sani ba.

Ƙarfe biyu ake shan gahawa a hawa na uku.
Mutum bakwai, kofi bakwai,
kowa na kallon itatuwa ta taga.
Na kwance musu gaisuwa irin tamu,
ina gajiya, ina iyali, yaya muka ji da sanyi.
Veikko, mai kula da ɗakin gwaji, ya yi dogon nazari
ya ce, "An yi wa matata aiki a gwiwa,"
don shi a wurinsa, wanda ya yi tambaya amsa yake so.

Nuwamba ta zo ta kwashe rana.
Azahar da la'asar suka koma katanga ɗaya,
magariba tana riga ni tashi daga aiki.
Ina shimfiɗa darduma tsakanin kwalayen samfurin ƙasa,
alƙibla ta bi ta kan injin busar da laka.

Wata Talata keke ya kayar da ni gaban laburare,
ƙanƙara ta karɓi gwiwar hannuna.
Ba wanda ya ce sannu.
Na tashi da haushin garin duka a ƙirjina,
na tura keken har gida ina lissafin kuɗin tikiti.

Washegari ga tayoyi biyu masu ƙusoshi
jingine da ƙofar ofishina.
Ba takarda, ba suna.
Na tambayi Veikko. Ya leƙa cikin kofinsa
ya ce sun daɗe suna tare masa wuri a gareji.

Daga ranar na fara jin yaren,
ba na littafin da nake haddacewa da dare ba,
wanda ake yi da matsar da kujera,
da kwashe kwalaye daga kusurwar da nake salla
ba tare da kowa ya ce ya gani ba.

Ƙarshen zango wata ɗaliba, Marjut,
ta tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu,
da tambayar da ta riƙe tun Satumba.
Ta ce sai da ta tabbata tambayar ta nuna.

Inna ta kira jiya, ta ce mutanen suna da kirki?
Na buɗe baki, sai na ji na yi shiru,
har ta ce ko layin ne ya yanke.

Yau ma ƙarfe biyu na hau sama.
Kofi takwas.
Dusar ƙanƙara na sauka a kan itatuwa,
muka zauna muka kalle ta tare.
Da zan tashi na ce, yaya gwiwar?
Veikko ya ce, "Ta fara hawa bene."