Gindin Tano

Cin rani ya kai ni Gamkalle,
bayan majema, inda warin fata
ke gaisawa da warin tsiron dawa.
Ban taɓa kurɓa ba. Ni dai muciya aka ba ni,
doguwa, ta fi ni da taƙi guda.

Tani Bagurmuwa ta ce, "Nomau, duba.
In gari ya kwanta, kwashe ruwan sama,
kai shi inuwa, wuta kashe shi take.
Kaurin nan na ƙasa shi ke son wuta,
amma kada ka bar su su kaɗai.
Hannunka na tsayawa, sun kama juna."

Tun isha nake tuƙi.
Itacen Torodi yana ci,
tano yana numfashi, fut, fut,
kamar tsoho mai barcin zaune.
Babu ma'auni sai kafaɗa da kunne,
da yadda muciya ke jin gindi,
sumul, ko da ɗan kaushi.
In ya taso, zare biyu. In ya lafa, tura ɗaya.

Daren Laraba salula ta yi kuka.
Ƙanena Tunau ne, daga Bambai:
"Dela ta sauka."
Na jingine muciya.
Lafiya? Lafiya. Me aka samu?
Rezo ya ɗauke.
Na hau turmi, na zaga bayan ɗaki,
hannu sama kamar mai roƙon ruwa.

Hanci ya riga kunne jin labari.
Ƙauri.

Tani ta fito da ɗaurin ƙirji,
ta zare itacen duka,
ta lakata, ta ɗanɗana, ta tofar.
Tiya sha biyu, kwana biyar na jiƙo da shanya,
duk sun zama rabon aladun maƙwabci.

Ina tsaye ina lissafin ladan wata
ta miƙo mini guntun galma.
"In ya huce ka kankare. Wa ya mutu?"
Na ce haihuwa ce.
"Me aka samu?"
Na ce ban ji ba.

"Ka ƙona mini tano, kuma ba ka ji ba!"
Ta kwance bakin zane, ta ciro tata salula.
"Je ka gindin dogon yaro, can take kamawa."

Mace ce.
Ran suna liman ya raɗa nasa.
A Gamkalle dai, har na bar aikin,
"Ina labarin Ƙanzo?" ake ce mini.