Ƙofa Bakwai, Suna Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu a Forcella,
inda igiyar shanya ke ɗaure bene da bene,
rana ba ta taka ƙasa sai ta kai tsaka.
Gida mai lamba sha huɗu, ƙararrawa tara,
bakwai sun ce Esposito.
Mai dannawar ma sunansa ke nan.

Ba dangi ba ne mu.
Assunta ba ta gaida Carmine
tun ranar da tukunyar tumatir ta faɗo daga taga.
A littafin tarho na Napoli mun ci shafi bayan shafi,
kamar tururuwa ta samu sukari,
amma ka bi kowannenmu baya, kaka, kakan kaka,
sai hanya ta ƙare a jikin bango ɗaya.

Bangon Annunziata, ga shi can, ko sigari ba ka gamawa.
A da akwai ganga ta katako mai juyawa a cikinsa.
Mace ta zo da dare, ta sa abin da ta goyo,
ta juya.
Hannun da ya karɓa a ciki bai ga fuskarta ba.
Da safe magatakarda ya tsoma alƙalami:
Esposito, wanda aka ajiye a waje.
A Milano irinmu Colombo ne, tantabara.
A Firenze, Innocenti, marasa laifi.
Mu dai an ba mu gaskiya ba gishiri.

Watan jiya wasiƙa ta zo daga Rosario ta Ajantina.
A bayanta: Iyalan Esposito, Napoli.
Masu tantancewa suka yi ta dariya,
wai kamar a ce a kai wa yashi a bakin teku.
Na sa ta a aljihu.

Delfina Espósito, malamar makaranta.
Sunan ya haye teku ya samo ɗan tabo a kan wasali.
Kakan kakanta ya sauka daga jirgi da rabin lambar azurfa,
wadda aka tarar a tsumman goyonsa.
Ta ɗora takarda ta goga fensir, ga zanen:
rabin fuska, hannu ɗaya, gefe mai haƙora.
Ko ɗaya rabin yana wurinku?

Na hau bene.
Assunta ta zazzage gwangwanin maɓallai a kan tebur.
Carmine ya ce yaƙi ya cinye komai, har cokula.
Sai can sama, Immacolata, mai shekara casa'in,
ta kai takardar dab da hanci, ta daɗe.

Ta ce, kai Ciriaco, furfura ba ta ƙara maka komai ba.
Mu ne rabin da aka bari.
Ɗayan yana wurin wadda ta juya gangar,
ita kuwa wani suna gare ta,
wataƙila yana jikin ƙararrawa biyun da ka tsallake.

Na sauko a hankali, gwiwa na ƙara.
Na tsaya gaban biyun nan.
Ban danna ba.

Da dare na rubuta wa Delfina cewa ba mu samu ba,
amma in ta zo akwai kofi a ƙofa bakwai.
Kan sarkin da kuɗina na saya.
A gurbin mai aikawa na sa Esposito kawai,
Carmine ya leƙo ta kafaɗata ya ce, wanne?